Randar da Ta Ƙi Yin Gumi

Waɗanda suka zo Amurka suka koma gida suna da labarin dogayen benaye da manyan kantuna. Ni abin da na fi sani a ƙasar nan taga ce guda ɗaya, a hawa na uku na wani gidan haya a Germantown. Ta nan nake hango babban titin da suke kira 270. Da safe motoci su yi kudu, da yamma su dawo arewa, ba wadda ta san da zamana.

Sunana Zulai. Karatuna bai wuce aji biyu na ƙaramar sakandare ba, don haka wanda ya ga tuntuɓe a rubutun nan ya yi haƙuri. Mai karatun mijina ne, Yaya Sabi'u, ɗan wan babana. Ya samu gurbin digiri na biyu a wata makaranta cikin Washington, ya taho da ni da 'yarmu Husna tana wata huɗu. Shekara biyu ya yi wa Inna, mahaifiyata, alkawari. Shekara biyu ta cika aka ƙara masa wata shida, saboda aikinsa na ƙarshe ya ƙi yiwuwa. Ya ce in wannan karon ma ya ƙi, sai ya sake shekara guda cur. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya irin in koma gida in ɗora Husna a cinyar Inna tun tana ɗaukuwa.

Na taɓa roƙonsa ya mai da mu, shi ya zauna ya ƙarasa. Ya ce in na fita ba tabbas a sake ba ni biza, kuma me zai ce wa iyayenmu? Bizar tawa ma ta matan ɗalibai ce, ba a yarda in yi aiki ba ko na shara. Saboda haka komawata tana rataye da wannan aiki nasa.

Watannin farko tsoro ne abincina. Ranar da na fara suyar albasa wani farin abu a rufin ɗaki ya fasa ƙara, na sure Husna na fita ba ko mayafi, na tsaya a matakala ina salati. Wata mata mai kayan asibiti ta hawo daga ƙasa, ta dube ni, ta dubi zanen da na ɗaura, sai na ji ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Hayaƙi ne kawai, buɗe taga." Da na ji Hausa a bakinta sai na zauna a matakalar. Ita ce Anti Rifkatu, nas ce 'yar Filato, a hawan ƙasa take. Daga ranar na san akwai ƙofa ɗaya da zan iya bugawa. Amma sauran tsoron bai tafi ba. An ce min a nan in yaro ya cika kuka maƙwabta na iya kiran hukuma a zo a ɗauke shi. Husna na yin rigimar haƙori na dinga zaga ɗaki da ita, ina cusa mata nono ko ba ta so.

Fitata mai nisa ta farko Mitchellville ce, unguwar 'yan Najeriya masu gidajen kansu. Wata Hajiya, matar likita, ta ji labarin na iya waina, ta aiko a ɗauko ni ranar sunan jikarta. A mota ta ce za ta sa ni a ajin koyon Turanci, za ta koya min tuƙi, ai ta ɗauke ni kamar ƙanwa. Tun hantsi nake tsaye kan tanda, Husna a bayana, har la'asar. Mata suka dinga leƙowa kicin da gwala-gwalansu, wannan likita, waccan injiniya. Wata ta tambaye ni, "Ke me kike karantawa?" Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "A'a, yarinyar da ke taimaka mana ce." Sau uku ta sake aikowa, sau uku na je. Ajin Turanci dai har yau ana nemansa. A na huɗu na ce Husna ba ta da lafiya, Allah ya yafe min.

Shi kuwa Yaya kullum yana makaranta. Karatun nasa na zayyana ne, amma ba zane a takarda kawai ba. Ana koya musu halin kayan aiki: katako, roba, ƙarfe, yumɓu, wanne ke lanƙwasa, wanne ke karyewa, wanne ke shan ruwa, wanne ke tsukewa in ya bushe. Sai mutum ya zana abu a kwamfuta, inji ya yanka masa ko ya gina. Aikin da ya zaɓa randa ce mai sanyaya ruwa ba lantarki, wadda inji zai gina da yumɓu. Ya zana mata jiki mai gurgura kamar bayan kada, wai don iska ta samu wuri da yawa da za ta taɓa. Ya nuna min injin a wayarsa. Wani baki ne ke fitar da yumɓu siriri kamar taliya, yana kewayawa, yana ɗora zagaye kan zagaye har jiki ya tashi.

Na ce, "Ai haka Iya take ɗora wuya."

Bai ma ji ni ba. Iya kakata ce ta wajen uwa, maginiyar tukwane a ƙauyenmu can bayan Dawakin Tofa. A gabanta na tashi. Ni ke taka mata yumɓu da ƙafa tun ina shekara bakwai. Yaya ya san da haka sarai, amma shi ɗan birni ne, abin da ya sani game da Iya shi ne tsohuwa mai ba shi gyaɗa in sun zo hutu.

Randunan injin suna da kyau, sai dai ba sa aiki. Ka zuba ruwa da safe, da yamma ka same shi yadda ka bar shi. Da ya ƙara yashi a yumɓun sai suka koma tsagewa. Yakan dawo da gutsattsarinsu cikin jaka, ya baje a tebur, ya auna da sikeli, ya rubuta, ya dafe kai. Wata ranar Lahadi, saura mako bakwai a duba aikin, ina share teburin na ɗauki tsingaro ɗaya na ɗora a harshena, kamar yadda Iya ke yi.

"Ke Zulai! Me kike lasa?"

"Yaya, wannan ba za ta taɓa sanyi ba."

"To, Farfesa, gaya min dalili."

"Ɗora a harshenka. Tsingaron randar kirki kama harshe yake, don ƙishirwa yake ji. Wannan santsi yake kamar tangaran. Randa sai ta yi gumi take sanyaya ruwa. Taku kun toshe mata ƙofofi, yumɓun ya yi laushi da yawa, wutarku kuma ta yi yawa."

Ya ɗauki tsingaron. Sannan ya waiga kamar wani zai gan shi, ya ɗora a harshensa. Ya ce abin da na faɗa yana da suna a littafinsu, har da lissafinsa, abin da ya rasa shi ne yadda zai buɗe ƙofofin ba tare da jikin ya tsage ba. Na ce Iya garin tsingaro take zubawa don kar ta tsage, da ƙaiƙayin gero don in ya ƙone a wuta ya bar ƙananan huji.

"Ina za a samu ƙaiƙayi a Amurka?" in ji shi.

Anti Rifkatu na kai wa tambayar. Ranar hutunta ta zuba mu a mota ni da Husna har Annandale, inda ta ce akwai kantunan kowace ƙabila. Muka shiga na Indiyawa, muka shiga na 'yan Koriya, muka shiga na mutanen Afirka. Gero akwai, amma an surfe shi tas an zuba a leda, yana ƙyalli. Mun haƙura za mu tafi ke nan ta tsaya a wani kantin dabbobi don sayen abincin magen 'yarta. Ina biye da ita ina kallon rigunan karnuka, sai idona ya faɗa kan wani buhu mai hoton tsuntsu. Gero ne, ba irin namu ba, amma da ɓawonsa.

"Anti, ga shi!"

Ta karanta buhun ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Maman Husna, abincin tsuntsaye ne fa! Kai, Yesu. Tsuntsu na neman tsaba, ke kina neman ɓawo. Ku raba buhun kawai, ba mai cutar wani."

Washegari na jawo ɗan turmin da na zo da shi na fara daka. Ban yi minti goma ba na ji maƙwabcin da ke ƙarƙashinmu yana dukan rufinsa. Da azahar aka liƙa takarda a ƙofarmu. Ban iya karanta ta ba, sai kalma ɗaya da na gane, ta 'yan sanda. Na kulle ƙofa, na ja kujera na tokare, na zauna da Husna a banɗaki har Yaya ya dawo. Ya ce gargaɗi ne kawai kan ƙara. Ni dai ban sake taɓa turmin ba sai da aka kwana biyu. Anti ce ta ce in sauko da turmin bayan gida kan ciyawa, ƙasa ba ta kai ƙara. A nan na surfe geron, na bakace da tiren shayi, na dake fasassun randunan Yaya. Na kwaɓa da yumɓun da ya kawo, na taka da ƙafa a kan leda, na ƙulla masa ya tafi da shi. Ranar har waƙa na yi.

Da la'asar ya shigo ko sallama bai yi ba.

"Kin ga abin da kika ja min?"

Ashe garin tsingaron da na daka, irin dakan da Iya ke so, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, ya toshe bakin injin. Injin ya ci gaba da turawa har wani abu ya fashe a cikinsa. Mai kula da ɗakin aikin ya ce gyara zai ci kwana biyar, ɗalibai shida da ke layi duk sun rasa ranakunsu. Aka hana shi shigo da komai daga waje sai da izinin Farfesar da ke duba aikinsa a rubuce. Layinsa kuma ya koma baya, sau biyu kacal ya rage masa ya hau injin.

"Inji ne, Zulai, inji! Ba hannun tsohuwa ba ne da zai tsince tsakuwa!"

"Ni na san bakinsa kamar na jariri ne? Ka taɓa kai ni na gani? Shekara biyu da rabi ina cikin ɗakin nan, ko ƙofar makarantar ban sani ba!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Husna ta fasa kuka, na toshe mata baki da tafina saboda na ƙasa, ni ma hawaye na zuba. Abin da ke cina ba faɗansa ba ne. Ni da hannuna na ƙara wa kaina shekara.

Kwana uku ba mu yi maganar kirki ba. A na huɗu, yana ɗaura takalmi, na ce, "Bakin nasa kamar yaya yake?" Ya zaro biro ya zana ɗan da'ira a bayan hannuna, bai kai ƙwayar wake ba. Na sauka na nuna wa Anti Rifkatu. Ta duba, ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙaton sirinji mara allura, irin wanda ake ba marasa lafiya abinci da shi.

"Ga injinki. In ya toshe, ba mai korar ki daga makaranta."

Da shi na yi mako biyu. Na sake daka, na tankaɗe da rariya, na sake tankaɗewa da siririn mayafina har garin ya koma kamar na lalle. Ƙaiƙayin ma na niƙe shi. In na kwaɓa sai in ɗura a sirinji in dinga matsawa ina kewayawa a kan tire, zagaye kan zagaye, har ɗan kofi ya tashi. Wani ya yi ruwa ya zauna, wani ya yi tauri ya tsinke. Husna na gefena da nata curin. A makonnin nan ne kawai na manta da taga.

Da Yaya ya ga kofunan jere a ƙarƙashin gado, lulluɓe da jiƙaƙƙen zane don kar su bushe da gaggawa, sai ya tsuguna yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Farfesa ba za ta sa hannu ba sai da awo. Ni kuwa ban san awo ba, hannuna ke ɗiba. Sai ya ajiye sikeli kusa da ni. Duk tafin da na ɗebo sai ya ce, "Tsaya, tsaya, kar ki zuba!" ya tara kwano, ya auna, ya rubuta.

"Ɗazu tafi uku kika zuba, yanzu uku da rabi. Wanne ne daidai?"

"Duka. Na ɗazu ya fi ruwa."

"Ya kika sani?"

"Yumɓun ne ya faɗa."

"To ki ce masa ya faɗa da lamba, don Allah."

Ranar muka yi dariyar da muka daɗe ba mu yi ba. Ya kai kofunan aka gasa a murhun makaranta, wutar ƙasa-ƙasa kamar yadda na ce. Ya gwada shan ruwansu da ƙarfinsu, Farfesa ta sa hannu. Hawan injin na farko randar ta tashi lafiya amma gindinta ya tsage wajen bushewa, don sun bar ta kusa da iskar ɗumama ɗaki. Saura hawa ɗaya. Na ba shi zanena na ce ya jiƙa ya lulluɓe ta, kullum ya ɗan ɗaga, kar ya yi kunyar kowa. Kwana tara ina azumin nafila wasu ranaku, wasu ranakun ma ba azumi nake ba, abincin ne ba ya shiga. Ranar da aka buɗe murhu ya kira ni. Sai ya kara wayar a jikin randar ya ƙwanƙwasa da yatsa. Na ji ƙararta garau. Na zauna a ƙasan kicin na yi ta hamdala.

Ranar nunin aiki ya tafi da mu. Shi ne hawana jirgin ƙasa na farko. Ɗakin cike da mutane da abubuwan da ɗalibai suka ƙera: kujerar da aka yanka daga katako ɗaya, fitilar roba mai kama da saƙar zuma. Ta bayan gilashi na ga injin ido da ido, ashe bai fi firji girma ba. Randarmu tana kan farin tebur, jikinta ya yi duhu da danshi, ƙananan ɗigo na tsatsafowa ta cikin gurgurar. Turawa na layi da kofunan takarda, suna sha suna ɗaga gira. A gefenta an kafa allo da sunan Yaya, da lambobin da ya auna daga tafina. Ya riga ya gaya min ba zai sa sunana ba, kar a ce na yi aiki bizata ta samu matsala. Na ce ba komai. Ni ba suna nake nema ba, hanya nake nema.

Farfesar dattijuwa ce mai gajeren gashi fari. Ta zo ta gaishe ni, ta yi magana mai tsawo ban kama ko rabi ba. Sannan ta kamo hannuna ta juya shi, ta dubi faratuna inda jan yumɓu ya ƙi fita, ta dubi Yaya, ta sake duba na. Ta ɗebo ruwan randar da kanta ta miƙo min da hannu biyu. Na sha. Sanyinsa irin na gida ne, mai ƙamshin ƙasa, ba irin na firji mai sara haƙori ba. Daga nan ta ja Yaya gefe suka daɗe suna magana, yana ta gyaɗa kai.

A jirgin komawa na samu kujerar taga, Husna a cinyata. Ina ta lissafin tsaraba a raina, wa zan ba me. Yaya na gefena yana murza hular sanyinsa.

"An ci, ko?" na ce.

"An ci. Ta ce ba ta ga irinsa ba tun da take koyarwa."

"Alhamdulillahi. To yaushe za mu sayi tikiti?"

Ya dubi hular. "Zulai, ta ba ni gurbin digiri na uku. Za su ɗauki nauyin komai. Tana so a gwada haɗin da yumɓu iri-iri, a gano yadda za a koya wa inji abin da hannu ya sani."

"Shekara nawa?"

"Huɗu. Wataƙila biyar."

Jirgin ya tsaya a wata tasha, mutane suka sauka, wasu suka hau.

"Da randar ta tsage fa?" na ce.

"Da shekara ɗaya ce."

"Yanzu da ta yi kyau, huɗu."

"Ba haka za ki duba ba. Irin wannan dama sau ɗaya take zuwa. Kuma ba zan iya ba sai da ke, ita ma ta gane. Za mu nemi hanyar da za ki je ki ga Inna, in takardu sun daidaita."

"In sun daidaita."

"In sha Allahu."

"To ka bari in yi shawara da Inna tukuna, kafin ka ba ta amsa."

Ya ci gaba da murza hular. Na juyo na dube shi sosai, ya kawar da kai. A nan na gane gyaɗa kan da na ga yana yi a ɗakin nunin.

"Ka riga ka amsa."

"A tsaye take tana jira, Zulai. Me zan ce mata?"

Ban yi kuka ba, saboda akwai mutane, kuma ban san me dokarsu ta ce game da mace mai kuka da yarinya a hannu ba. Na gyara wa Husna rigar sanyinta, na zuge mata zif har wuya. Bishiyoyi na wucewa, bayan gidajen mutane na wucewa. Can jirgin ya rage gudu, murya ta faɗi sunan Germantown. Husna ta miƙe tsaye a cinyata, ta manna tafukanta biyu a gilashi, ta hango jan benenmu daga nesa. Ta juyo tana tsalle, ta gaya min da Turanci wai mun iso gida.